Yaran Hampstead

Ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu kafin Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus, tashoshin jirgin ƙasa na Landan suka cika maƙil da yara. Kowanne an maƙala masa 'yar takarda a wuyan riga mai ɗauke da sunansa da na makarantarsu, ya rataya kwalin abin rufe fuska saboda fargabar iska mai guba, ga ɗan ƙunshin tufafi a hannu. Gwamnati ce ta yanke shawarar kwashe su zuwa karkara tun jiragen Hitila ba su fara ruwan bama-bamai ba. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da mutum wajen miliyan 1.5 daga manyan birane, sama da 800,000 daga ciki 'yan makaranta ne da suka tafi ba uwa ba uba, sai malamansu. A wasu ƙauyukan jera su aka yi a ɗakin taro, mutanen gari suna zagayawa suna zaɓa kamar masu taya rago a kara: manomi ya ɗauki ƙaƙƙarfan yaro, tsohuwa ta ɗauki yarinya mai tsabta, a bar sauran suna raba ido.

Duk mai hankali a lokacin zai ce an yi dabara, ai rai ake ceto. Amma ba a daɗe ba koke ya fara fitowa daga gidajen masauki, kuma wanda ya fi yawa shi ne fitsarin kwance. Yaran da suka daɗe da dainawa sun koma. Wasu sun ƙi abinci, wasu sun kama ɗauke-ɗauke, wasu sun yi gum. Masu masauki suka ɗora laifin a kan iyayen birni, wai ba su iya tarbiyya ba. A watan Disamba na shekarar likitoci uku, John Bowlby da Emanuel Miller da Donald Winnicott, suka aika wa mujallar likitocin Birtaniya wasiƙa suna gargaɗi cewa raba yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar da mahaifiyarsa na iya jawo masa ciwon da ido ba ya gani, wanda zai daɗe yana binsa. Ba a saurare su sosai ba. Ana yaƙi, wa ke ta kukan yaro?

Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma cikin duk tarihin sana'o'in asibiti wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne sana'ar zama da yaro a saurari damuwarsa ta tashi daga ɗakin masu kuɗi ta zama aikin da ake koyarwa. Ba wai kafin nan babu ta ba. Tun 1896 Lightner Witmer ya buɗe wurin duba yara masu matsalar karatu a Jami'ar Pennsylvania, a 1909 kuma William Healy ya buɗe wani a Chicago domin yaran da ake gurfanarwa gaban kotu. A wannan shekarar ce dai Sigmund Freud ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara biyar a Biyana, babban birnin Ostiriya, wanda tsoron doki ya hana shi fita waje. Uban yaron ne ya riƙa yi masa tambayoyi yana kai wa Freud rahoto, shi kansa Freud sau ɗaya ya zauna da yaron a lokacin jinyar. Fassarar da ya yi, wai dokin uban ne a ɓoye, ni dai ba ta taɓa gamsar da ni ba, tunda yaron ya ga dokin amalanke ya faɗi a titi yana shure-shure, wannan kuwa ya isa ya firgita ɗan shekara biyar. Abin da na yaba shi ne an tambayi yaron, an kuma rubuta amsarsa.

Matsalar ita ce yaro ba ya kwanciya a kujera ya zayyana abin da ke cinsa yadda babba ke yi. Mata ne suka gano mafita. Hermine Hug-Hellmuth ta riƙa bin yara har gida tana kallon wasansu. Melanie Klein, wadda ta koma Landan a 1926, ta tanadi ƙananan kayan wasa, 'yan mutum-mutumi da motoci da dabbobi da almakashi da takarda, kowane yaro da aljihun teburinsa da ba wanda zai buɗe sai shi, tana ɗaukar wasan a matsayin maganarsa. Ita kuwa Anna Freud, autar Freud cikin 'ya'ya shida, malamar firamare ce kafin komai, kuma wannan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ba ta yarda a yi ta ɗora wa kowane motsin yaro fassara ba. A ganinta yaro yana nan a hannun iyayensa da malamansa, ba zai yiwu a yi jinyarsa a bar su a waje ba. A 1937 ta buɗe gidan raino a Biyana domin jariran talakawa, da kuɗin wata likita Ba'amurkiya, Edith Jackson. Shekara ɗaya ya yi. A Maris 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, 'yan sandan Gestapo suka tsare Anna yini guda suna yi mata tambayoyi, a watan Yuni iyalin suka tsere Landan suka zauna a unguwar Hampstead. Uban ya rasu a Satumba 1939, makonni uku da fara yaƙi.

Bama-baman da aka yi ta jira sun iso ranar 7 ga Satumba 1940, aka yi dare 57 a jere ana zuba su a kan Landan. A lokacin iyaye da yawa sun riga sun kwaso 'ya'yansu daga karkara, suna kwana da su a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A farkon 1941 Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham suka buɗe gida a titin Wedderburn domin yaran da gidajensu suka rushe. Daga baya suka ƙara na jarirai a Netherhall Gardens, da wani a karkarar Essex domin manyan yara. Kuɗin daga wata ƙungiyar agaji ta Amurka yake zuwa, sharaɗin kuwa a riƙa aika rahoto duk wata. Wannan sharaɗi ya yi wa duniya rana, domin daga rahotannin ne littattafansu suka fito.

Abu biyu suka bambanta gidan da sauran gidajen raino na zamanin. Na farko, ƙofa a buɗe take ga iyaye dare da rana. Uwa ta zo ta yi wa ɗanta wanka, ta kwantar da shi, in ta ga dama ta kwana. Wasu ma an ɗauke su aiki a ɗakin girki da wajen wanki domin su zauna kusa da jariransu. Na biyu, kowane ma'aikaci, har mai girki, yana yawo da 'yan katuna da fensir. In ya ga yaro ya yi wani abu ko ya faɗi wata magana, ya rubuta yadda ta faru, ba ƙari ba fassara, da dare a zauna a tattauna. Wanda ya taɓa aikin dare a ɗakin yara ya san irin abin da ake gani tsakanin ƙarfe biyu da asuba wanda ba ya shiga kowane fayil. Su sun rubuta nasu.

Abin da katunan suka nuna ya ba mutane mamaki. Ƙaramin yaro bai cika damuwa da bam ba in yana jikin uwarsa kuma ita hankalinta a kwance yake. In tana rawar jiki, shi ma ya kama. Yara sun riƙa gina gidaje da 'yan katakai suna rushewa suna kwaikwayon jiniya, wasa ne a wurinsu, ban da waɗanda bam ya kashe wa uba. Abin da ke karya yaro shi ne a wayi gari babu uwar, ba sallama ba bayani.

Akwai wani yaro ɗan shekara uku da 'yan watanni da suka ba da labarinsa, wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da za a bar shi, an ja masa kunne cewa ya zama yaron kirki kada ya yi kuka, in ba haka ba uwarsa ba za ta zo ba. Ya cika alkawari, bai yi kuka ba. Sai dai duk wanda ya dube shi sai ya gyaɗa kai ya ce uwarsa za ta zo, za ta sa masa kwat ɗinsa, ta tafi da shi gida. Kullum jerin kayan da za ta sa masa yana ƙaruwa. Da aka gaji aka ce ya daina maimaitawa, sai ya daina da murya, ya koma lungu yana motsa leɓe, hannunsa yana kwaikwayon sa riga da jan zif. Wanda bai san farkon labarin ba zai ce yaron ya taɓu, a wasu gidajen namu kuwa da tuni an fara turare da tofi. Da aka samu uwar ta zo ta kwana da shi na 'yan kwanaki, sai abin ya ɓace, har ta riƙa tafiya tana dawowa bai damu ba.

Amma ba kowace uwa ke iya zuwa ba. Wasu suna masana'antar makamai, wasu suna asibiti, wasu sun mutu. Da farko gidan yana tafiya yadda asibiti ke tafiya: duk wadda ke bakin aiki ita ce mai yi wa kowa wanka. Sai suka lura yaran suna da ƙiba da tsabta, amma magana ta yi musu nauyi, barin fitsarin kwance ya gagara. Suka raba su gida-gida, yara kamar huɗu ga mace ɗaya, ita kaɗai za ta yi musu wanka ta sa musu kaya ta kai su shimfiɗa. Makonnin farko gidan ya rikice. Yaran da a da ba ruwansu da kowa suka koma kishi da faɗa, kowa na cewa tawa ce, in ta fita ɗaki a ɓarke da kuka. Da wata shugabar ce da ta soke tsarin ta ce ya ɓata yara. Anna Freud ta ce a bari. Bayan mako biyu zuwa uku ƙura ta lafa, bakin yara ya buɗe, masu jiƙa shimfiɗa suka fara dainawa, domin yanzu akwai wadda suke so su faranta wa.

A daidai wannan lokaci, abin dariya abin takaici, manyan sana'ar suna can suna cacar baki. Daga 1942 zuwa 1944 ɓangaren Klein da na Anna Freud sun yi ta zaman muhawara a kan wa ya gaji Freud da gaskiya. An ce a wani zama sai da Winnicott ya tunasar da su cewa ana kai hari ta sama a waje. Rigimar ta ƙare da raba horo gida-gida. Ni ban ga abin da ta ƙara wa wani yaro ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo bayan yaƙi. A Agusta 1945 aka kawo yara wajen 300 da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi zuwa Windermere a arewacin Ingila. Cikinsu akwai shida, maza uku mata uku, dukkansu tsakanin shekara uku da huɗu, daga sansanin Theresienstadt. An kashe iyayensu suna jarirai, an kai su sansanin ba su wuce shekara ɗaya ba, suka tashi a ɗakin marayu a hannun fursunoni masu yunwa da ke canzawa kullum. A watan Oktoba aka kai su wani gida a Sussex mai suna Bulldogs Bank, a hannun wasu 'yan'uwa mata biyu da suka yi aiki a Hampstead, Sophie da Gertrud Dann.

Cikin 'yan kwanaki yaran suka farfasa kayan wasan da aka tanada, suka lalata kayan ɗaki. Babba in ya matso, cizo ne da tofa yawu da zagi. Suna tsoron kare, suna tsoron babbar mota. Kowanne yana riƙe da cokalinsa da ya zo da shi daga sansani, shi ne kaɗai abin da ya taɓa mallaka. Amma tsakaninsu abin sai wanda ya gani. Ba sa yarda a raba su ko na ɗan lokaci, in an fita da biyar a bar ɗaya, duka shidan ba su da sukuni. In an miƙa wa ɗaya abinci sai ya fara ba na kusa da shi. A hanya suna jiran wanda ya gaji, suna kula kada wani ya bar rigarsa. Kishin da aka sani tsakanin 'yan ɗaki ɗaya babu shi. Da watanni suka ja sai suka fara sakin jiki da matan nan biyu, suka koyi Turanci, kishi ma ya fara leƙowa, wanda a wurin masu rainon alama ce ta samun sauƙi. Bayan shekara guda aka mayar da su wani gidan yara a Lingfield, daga baya yawancinsu suka samu masu riƙo. Anna Freud da Sophie Dann sun wallafa bayanin a 1951. Yaran nan ba su fita lafiya lau ba, kowa da tabonsa, amma ba su lalace yadda ake zato ba. Da ba su samu uwa ba, junansu suka kama.

Wani ma'aikacin Hampstead, James Robertson, shi ya kai wannan ilimi asibiti. A 1948 ya koma aiki da Bowlby a asibitin Tavistock, aka tura shi ya lura da yaran da aka kwantar. A Ingila ta lokacin, asibitoci da yawa sau ɗaya a mako suke barin iyaye su ga ɗansu, wasu ma ba sa bari sam, hujjarsu ita ce zuwan uwa na tayar da yaro. Robertson ya ga matakai uku: yaro ya yi ta kuka da fizge-fizge, sannan ya yi laƙwas ya yanke ƙauna, sannan ya ware yana yi wa kowa murmushi, uwarsa ta zo ya kau da kai. Wannan mataki na ƙarshe shi ma'aikata ke kira sabo. Da likitoci suka ƙi yarda, sai ya samo kyamara ya ɗauki wata yarinya 'yar shekara biyu da wata biyar da aka kwantar kwana takwas domin ƙaramin aiki a cibiya. Yana ɗauka a lokaci ɗaya kullum, da agogo a cikin hoton, kada a ce ya zaɓi inda take kuka. Da aka nuna fim ɗin ga likitoci a 1952 sai suka fusata, suka ce ya ɓata musu suna. Sai a 1959 wani kwamiti da ake kira kwamitin Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su shiga kowane lokaci, uwar ƙaramin yaro kuma ta kwana da shi, kuma an ɗauki shekaru kafin asibitoci su bi.

A nan mu kam ba mu taɓa buƙatar kwamiti ba. A ɗakunan da na yi aiki, uwa ko kaka tana nan kan tabarma a gefen gado, ita ce mai ba da kunu, ita ce mai zuwa sayen magani. Al'ada ce, ƙarancin ma'aikata kuma ya ƙarfafa ta. Amma mataki na ukun nan na san shi sarai. Yaron da mai jinyarsa ke canzawa kullum, yau gwaggo gobe maƙwabciya, shi ne wanda za ka ji ana yabo: “Kai, wannan yaro akwai haƙuri, ko allura ba ya kuka.”

Bowlby ya tattara irin waɗannan bayanai a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, ya kuma ɗora nauyin kusan duka a kan uwa. Shi kansa mai raino ce ta tashe shi, ta bar gidan yana ɗan shekara huɗu, aka kai shi makarantar kwana yana ƙarami, don haka ba a rasa inda zafin ya fito ba. Sai dai an yi amfani da maganarsa wajen matsa wa mata su bar aiki su koma gida bayan yaƙi. Masaniya Margaret Mead ta soki wannan, daga baya masani Michael Rutter ya warware shi a 1972: abin da yaro ke buƙata kulawa ce mai ɗorewa daga wanda ya sani, ba lallai mutum ɗaya ba.

Afirka ta shiga wannan muhawara ta ƙofar yaye. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta je Yuganda a 1954 da jin cewa 'yan ƙabilar Baganda kan kai yaro wurin kaka in za a yaye shi. Ta tarar al'adar ta ja baya, sai ta zauna tana lura da jarirai 28 a ƙauyukan kusa da Kampala, daga nan ne ta fara gane yadda yaro ke mai da uwa wurin dawowa in ya tafi rarrafensa. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan. Wani bincike da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 ya bi jarirai 18 a gidaje masu kishiyoyi, ya samu kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai ɗaya da ya fi neman jikinta, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ke ba shi nono ba. Wanda ya tashi a gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, kaka ko kishiyar uwa ce ke goyo, ba zai ji wannan a matsayin labari ba.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa yayen gidan kaka zalunci ne tsagwaronsa. Ba wurin baƙuwa ake kai yaro ba, wurin wadda ya san ƙamshin zanenta ne. Tsofaffinmu kuma sun san yana shiga wani hali, in ba haka ba me ya kawo rubutun dangana, da 'yan kayan daɗi da ake lallashinsa da su, da goyon da kaka ke yi masa dare da rana? Inda nake da ja shi ne maganar nan da ke saurin fita daga bakinmu: yaro ne, zai manta. Da ita ake mayar da ɗan shekara uku gidan uba ranar da aka saki uwarsa, da ita ake hana maraya jin yadda mahaifinsa ya rasu. Mantawar da ake nufi sau da yawa ita ce ta yaron nan mai jan zif a lungu. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamba 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairu 2021, sun dawo an yi murna an duba lafiyar jikinsu, amma abin da Hampstead ta nuna shi ne irin wannan ciwo sai an koma gida, dare ya yi, yake fitowa.

Gidajen rainon Hampstead sun rufe a 1945. A 1947 Anna Freud ta mai da darussan da take ba ma'aikatanta cikakken horo na masu jinyar damuwar yara, a 1952 aka buɗe asibitin da za su riƙa aiki a Maresfield Gardens, wanda bayan rasuwarta a 1982 aka sa masa sunanta. Sana'ar ta sauya tun daga nan. Zaman shekara da shekaru sau biyar a mako ya ragu, an samu gajerun hanyoyi na gyara tunani da ɗabi'a da aka gwada aka ga amfaninsu, ana kuma haɗa iyaye a ciki. A Najeriya Jami'ar Ibadan na da cibiyar horar da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, a Janairu 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ƙwararrun ba su da yawa, kuma ba za su ishe mu nan kusa ba.

Sai dai su ma mutanen Hampstead ba ƙwararru ba ne da suka fara. Yawancinsu 'yan mata ne 'yan gudun hijira daga Jamus da Ostiriya, waɗanda su kansu sun baro iyayensu a baya. Sophie Dann nas ce kuma ungozoma, Gertrud malamar rainon yara. Robertson kuwa, wanda ya ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsa, an ɗauke shi aiki ne domin ya riƙa hura tukunyar ruwan zafi yana gadin gobara a kan rufi.